Sili Ɗaya Ƙwale: Yadda Kano Pillars Ta Ɗauko Kofin Ƙalubale a 2019

Wannan filinmu ne na faɗakarwa, daga nan unguwar Nassarawa GRA a birnin Kano. Ina gaida wanda ke zaune a gida. Ina gaida direban Adaidaita Sahu da ya kunna rediyo a kan Ahmadu Bello Way, da maigadin da ya jingina rediyonsa da bango a Sultan Road, da uwargida da ke aikinta tana jin mu. Sannunku duka.

Yau maganar ƙwallon ƙafa za mu yi. To, Hajiya, kada ki murɗa tashar, ki ce wannan na yara ne. Baba, kai ma ka zauna. Ɗanku ne ke fita da sassafe da takalmin ƙwallo a jaka. Jikanku ne ke dawowa daga gidan kallo ransa a ɓace, ya ƙi cin abinci. Ya kamata ku san abin da ke ɗauke masa hankali.

Za mu yi magana ne a kan Kofin Ƙalubale na Najeriya, musamman gasar shekarar 2019, wadda Kano Pillars ta lashe. Da farko zan bayyana yadda ake buga irin wannan gasa. Sannan mu waiwayi tarihin Kano a cikinta. Daga nan mu je Asaba, inda aka yi kuka. Sai mu wuce Kaduna, inda aka share hawaye. A ƙarshe ina da magana da ku, magoya baya da iyaye. Ku biyo ni.

To, kashi na farko. Mece ce gasar sili ɗaya ƙwale?

Gasar ƙwallo iri biyu ce. Akwai lig, wato gasar tara maki. A Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta kara da kowace sau biyu, gida da waje, wasa 38 ke nan a kaka guda. Ka ci wasa, maki 3. Kun yi kunnen doki, maki 1. An ci ka, babu komai, amma kana nan, mako mai zuwa za ka sake fita. A lig, wanda ya yi tuntuɓe yana da lokacin miƙewa.

Kofi ba haka yake ba. A gasar kofi, an ci ka sau ɗaya, ka tafi gida. Babu maki, babu sai wani mako. Shi ne ake kira sili ɗaya ƙwale. Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san wannan doka: komai girman sunanka, komai yawan makaɗanka, idan ka kai ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin shirinmu na yau. A lig ana gyara kuskure. A kofi kuskure ɗaya ya isa.

Yaya ake shiga gasar tamu ta Najeriya? Daga jiha ake farawa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta kowace jiha tana shirya nata kofin, kuma ƙofa a buɗe take ga ƙungiyoyin da suka yi rajista, manya da ƙanana. A tsarin da aka saba bi a shekarun nan, kowace jiha tana tura ƙungiya biyu zuwa matakin ƙasa, wadda ta ɗauki kofin jiha da wadda ta zo ta biyu. Jihohi 36 da Abuja, sau biyu, ƙungiyoyi 74 ke nan. Sai a yi wasannin share fage tsakanin ƙananan cikinsu, a rage su zuwa 64.

Daga 64 lissafin mai sauƙi ne, rabi ake yi ta zubarwa. 64 su koma 32. 32 su koma 16. Sai 8, wanda 'yan ƙwallo ke kira kwata fainal. Sai 4, wato wasan kusa da na ƙarshe. Sai 2, wasan ƙarshe. Ku ƙirga da ni: wasa shida. Wasa shida kacal ke tsakanin ƙungiya da kofin ƙasa. Amma dole ta tsallake dukkansu, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma. Yawancin waɗannan wasanni ana buga su ne a filin 'yan ba-ruwanmu, wato garin da ba na ɗayan ƙungiyoyin biyu ba. Ga Kano Pillars wannan babban al'amari ne. Kowa ya san yadda filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake cika, ya san yadda baƙo yake rawar jiki idan dubban mutane suka ɗauki "Sai Masu Gida!" To, a gasar kofi, masu gida ma baƙi ne. Sai a kai su wani gari, su buga da ƙafarsu, ba da ihun jama'arsu ba.

Me wanda ya ci yake samu? Kofi, kuɗi, da kujerar wakiltar Najeriya a gasar Confederation ta hukumar ƙwallon Afirka, CAF. Ma'ana, ƙungiyar da ba ta ko cikin Firimiya tana iya wayar gari tana shirin hawa jirgi zuwa wata ƙasa. Wannan ya faru, kuma za mu zo kansa.

Yanzu mu shiga kashi na biyu, tarihi.

Wannan gasa ta girmi Najeriya mai 'yanci. An fara ta a 1945 da sunan Kofin Gwamna, shekara 15 kafin samun 'yancin kai. Daga Ingila aka kwaikwayo ta, inda aka fara Kofin FA a kakar 1871 zuwa 1872, kuma shi ne mafi tsufa a irinsa a duniya. Tamu ta sha sauya suna. An kira ta Kofin FA, an kira ta Challenge Cup, wanda daga nan muka samu Kofin Ƙalubale. An kira ta Federation Cup. Daga 2017 kamfanin mai na Aiteo ya ɗauki nauyinta, aka sa mata sunansa. Yanzu kuma President Federation Cup ake ce mata. Suna ya sauya, gasar dai ita ce.

A shekarun farko ƙungiyoyin Legas ne kawai suke ɗauka. Marine, Railways, da irinsu. Daga 1945 har 1952 kofin bai bar Legas ba. Wa ya fara fitar da shi? Kano. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Ku sake ji: Kano ce gari na farko a wajen Legas da ya ɗauki kofin ƙasa. Samarinmu da yawa sun san shekarar da Arsenal ta gama kaka ba a doke ta ba, amma ba su san wannan ba. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, mu ne ba mu gaya musu ba.

Sai dai daga nan ƙofa ta rufe. A 1954 Kano ta koma wasan ƙarshe, Kalaba ta doke ta. A 1977 Raccah Rovers, wadda dattawanmu har yau suke ambatonta da alfahari, ta kai wasan ƙarshe, IICC Shooting Stars ta Ibadan ce ta ɗauki kofin. Shekara guda bayan haka, a 1978, Raccah ta ɗauki lig, amma kofi ya ƙi.

A 1990 aka kafa Kano Pillars, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Tana da shekara ɗaya kacal, a 1991, ta kai wasan ƙarshe. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci ta 3 da 2. Daga baya Pillars ta zama gagara-badau a lig. Ta ɗauka a 2008. Ta ɗauka sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka. Duk da haka, Kofin Ƙalubale bai zo ba. A tsawon wannan lokaci maƙwabta sun ɗauka: Plateau United a 1999, Niger Tornadoes a 2000, Kaduna United a 2010. Kano tana kallo.

Me ya sa ƙungiyar da ta iya cin lig sau huɗu ta kasa cin wasa shida a jere? Amsar tana cikin abin da muka faɗa da farko. Lig yana saka wa wanda ya fi dagewa tsawon watanni. Kofi yana saka wa wanda hankalinsa bai gushe ba ko na minti goma. Ba hali ɗaya ba ne. Idan kuna son shaida, ku biyo ni kashi na uku.

Kashi na uku, Asaba.

Ranar 24 ga Oktoban 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, jihar Delta, Kano Pillars ta haɗu da Enugu Rangers a wasan ƙarshe. Rangers ita ma tana da nata ƙishin, domin rabonta da wannan kofi tun 1983, shekara 35.

Ba a daɗe da take wasa ba, Rabi'u Ali, wanda mutanen Kano ke kira Pele, ya zura ƙwallo. Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu. Aka tafi hutun rabin lokaci 2 da nema. Ana dawowa, Nyima Nwagua ya ƙara ta uku. 3 da nema, jama'a, a wasan ƙarshe. Wanda ya kalli wasan nan a gidan kallo ya san yadda wuri ya kasance. Mutane sun tashi tsaye. Wasu sun fita waje suna buga waya, suna yi wa 'yan'uwa albishir. Wasu masu babura sun fara shirin zagaya gari.

Saura ƙasa da minti 15 a tashi, Kelvin Itoya ya farke ɗaya. Aka ce ba komai, ta share hawaye ce. 'Yan mintuna kaɗan, Chidera Ezeh ya farke ta biyu. Nan fa gidajen kallo suka yi tsit. A cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, Ajani Ibrahim ya farke ta uku. 3 da 3. Aka je bugun fenareti, Rangers ta ci 4 da 2, ta tafi Enugu da kofi.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A daren nan kowa a Kano ya fahimci karin maganar.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin akwai abin koyo, musamman ga yaranmu masu buga ƙwallo da masu horar da su. Yaya ake zubar da ƙwallo uku cikin kwata guda? Ba sihiri ba ne. A nawa ganin, abu uku ne suke haɗuwa a irin wannan yanayi. Wanda ke gaba yakan ja baya don ya kare abin da ya samu, kuma da ya ja baya ya miƙa wa abokin karawa ƙwallo da fili. Ga gajiya: bayan minti 75 ƙafa takan yi nauyi, idan ƙafa ta yi nauyi tunani ma yakan yi jinkiri. Ga kuma tsoro, wanda shi ne mafi muni. Da aka farke ta farko, wanda ke baya ya ga haske, ba shi da abin da zai rasa. Wanda ke gaba kuwa ya fara kallon agogo, ya daina kallon ƙwallo. A lig, a irin wannan rana maki biyu kawai za ka rasa, ka gyara a mako mai zuwa. A kofi ta cinye aikin shekara guda.

Abin da ya biyo baya kun sani. Zage-zage a majalisu. Zargi iri-iri, har da cewa an sayar da wasa, ba tare da kowa ya kawo hujja ba. Ina roƙonmu mu guji wannan ɗabi'a. Ɗan wasan da ya ɓarar da fenareti ɗan wani ne, yana da uwa da ke sauraron rediyo kamar yadda kuke saurare yanzu. Babu wanda ya kai shi baƙin ciki a ranar. Ƙazafi ba ya dawo da kofi, kuma zunubi ne.

Idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan Kofin Ƙalubale na Najeriya, gasar sili ɗaya ƙwale, da yadda Kano ta yi shekaru tana nemansa. Mun baro Asaba. Yanzu kashi na huɗu, Kaduna.

Wata tara bayan abin da ya faru a Asaba, Pillars ta sake tsallake zagaye biyar, ta sake kai wa wasan ƙarshe. Wannan kaɗai abin a jinjina ne. Ƙungiyoyi da yawa idan suka sha irin wancan kaye sai su watse, a kori koci, a sallami 'yan wasa, a koma farawa daga tushe. Pillars ta koma da kocinta, Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu. Mutumin da ya ga kofi ya suɓuce masa a Asaba, shi ne ya sake jagorantar ƙungiyar. Ni a wurina wannan haƙuri da aka yi da shi yana cikin dalilan nasarar.

Ranar Lahadi, 28 ga Yulin 2019, filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Abokiyar karawa, Niger Tornadoes ta Minna. Ku dubi wannan haɗuwa da kyau. Tornadoes ta kai wasan ƙarshe a 2017, Akwa United ta doke ta a bugun fenareti. Pillars ta kai a 2018, Rangers ta doke ta a bugun fenareti. Wato duka biyun suna ɗauke da tabo iri ɗaya. Kuma a kakar 2019 ɗin, Pillars ta gama lig a matsayi na biyu bayan Enyimba, ita kuwa Tornadoes ta faɗi daga Firimiya zuwa rukuni na ƙasa. A takarda, babu haɗi. A fili kuwa, aka tashi canjaras, babu ci.

Kun gani? Ta biyu a ƙasa ta kasa zura ƙwallo ko ɗaya a ragar wadda ta faɗi daga lig. Wannan shi ne kofi. Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar ta fi ka tsawon shekara. Rana ɗaya take buƙata.

Sai aka koma inda kowa yake tsoro, bugun fenareti. Bari in bayyana shi dalla-dalla, saboda Hajiya da Baba da na roƙa su zauna.

Bugun fenareti shi ne bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana ajiye ƙwallo a wani ɗigo mai nisan mita 11 daga raga. Faɗin ragar mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Babu mai tare ka sai gola. Idan wasan sili ɗaya ƙwale ya tashi kunnen doki, tunda dole a samu gwani, kowace ƙungiya takan fitar da mutum biyar daga cikin waɗanda ke fili lokacin da aka tashi. Ana bugawa bi da bi, wannan ya buga, wancan ya buga. Wanda ya fi zurawa cikin biyar ya ci. Idan an yi daidai, sai a ci gaba ɗaya-ɗaya har wani ya ci, wani ya ɓarar. An shigar da wannan tsari cikin dokokin ƙwallo a 1970. Kafin nan, ko a sake wasa, ko a jefa kwabo, ko a yi ƙuri'a. Shi kuma gola, bisa dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2019, dole ƙafarsa ɗaya aƙalla ta kasance a kan layin raga lokacin da aka buga.

Za ku ji ana cewa fenareti sa'a ce. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Komai da ƙaddara, haka ne. Amma ana koyon fenareti kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Ɗan wasa yakan zaɓi kusurwarsa tun kafin ya taso daga tsakiyar fili, kuma ba ya sauya ra'ayi a hanya. Gola yakan yi nazarin inda kowane ɗan wasa ya saba bugawa. Koci yakan tsara wa zai fara, wa zai rufe. Kun ga yadda Stanley Nwabali ya tare biyu a wasan Najeriya da Afirka ta Kudu a gasar cin kofin Afirka a watan Fabrairun 2024. Wanda ya ce duk sa'a ce, ya ba wa kansa uzurin ƙin yin atisaye.

To, ku sa kanku a matsayin ɗan wasan Pillars a ranar. Tafiyar daga tsakiyar fili zuwa wurin ƙwallo ba ta da nisa, amma Asaba tana cikin kansa. Ya san abin da aka faɗa a gari bara. Ya san dubban mutanen Kano sun bi hanyar Zariya sun cika Kaduna. Duk da haka aka buga, kuma Pillars ta ci 4 da 3.

4 da 3. A daidai wurin da aka faɗi a 2018, a nan aka tashi a 2019. Wannan ne karo na farko da ƙungiyar Kano Pillars ta ɗauki wannan kofi tun kafa ta a 1990. Kuma daga 1953 zuwa 2019, shekara 66 ke nan rabon Kano da shi. Wanda aka haifa a shekarar da aka fara kawo kofin, ya yi furfura, ya ga jikoki, kafin ya ga an sake kawo shi.

Ita Tornadoes fa? Tunda Pillars ta riga ta samu kujerar gasar Zakarun Afirka ta hanyar lig, sai kujerar Confederation ta faɗa hannun Tornadoes. Ƙungiyar da ta faɗi daga Firimiya ita ce ta je wakiltar Najeriya a Afirka. Pillars kuma ta haɗu da Asante Kotoko ta Ghana, ta ci 3 da 2 a Kano, aka ci ta 2 da nema a Kumasi, ta fita. A shekarar da ta biyo baya, 2020, ba a buga Kofin Ƙalubale ba saboda annobar korona.

Yanzu kashi na ƙarshe, kuma a nan ne nake da magana da ku.

Kada ku ɗauka abin da Tornadoes ta yi wani abin mamaki ne da ba ya maimaituwa. A 2021 Bayelsa United, tana rukuni na biyu, ta doke Nasarawa United a bugun fenareti ta ɗauki kofin. A 2024 El-Kanemi Warriors, ita ma daga rukuni na biyu, ta ci Abia Warriors 2 da nema a Legas ta ɗauka. A Ingila ma haka ne. A 2013 Wigan ta doke Manchester City a wasan ƙarshe na Kofin FA, kuma a makon da ya biyo baya ta faɗi daga Firimiya. A 2008 ɗan ƙasarmu Nwankwo Kanu ne ya ci wa Portsmouth ƙwallo ɗaya tilo da ta ba ta kofin.

Ga abin da ke damuna. Yaron da ke gidan kallo a Hotoro ko Tarauni zai ba ka labarin Wigan da Kanu tiryan-tiryan. Tambaye shi wa ya ci kofin jihar Kano na bana, sai ya yi shiru. Alhali kofin jiha shi ne ƙofar farko ta duk wannan tafiya da muka bayyana. Ku fita da safe ku bi ta Filin Sukuwa a nan Nassarawa, ku ga yawan matasan da ke atisaye, wasu da takalmin aro, wasu ba su karya ba. Babu ranar da lig zai haɗa waɗannan yara da Kano Pillars a fili ɗaya. Kofi ne kaɗai zai iya. A irin wannan wasa ne mai neman 'yan wasa yake ganin yaro, ya rubuta sunansa. Ahmed Musa, wanda ya zama kyaftin ɗin Super Eagles, a filayen ƙasar nan aka fara ganinsa, kuma a Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai.

Ban ce a daina kallon ƙwallon Turai ba. Ni ma ina kallo. Amma kuɗin da muke kashewa a kan nasu, da lokacin, da musun, ko kashi ɗaya cikin goma muka juyo da shi gida, da ƙungiyoyin unguwanninmu sun canza. Masu hali na wannan unguwa, Alhaji, da kai nake. Kuɗin rajistar ƙungiya ɗaya, da riguna, da motar da za ta kai yara filin wasa, ba zai girgiza ka ba. Ga yaran kuwa, shi ne bambanci tsakanin shiga gasa da zaman kallo a bakin layi.

Magoya baya, ku ma ina da magana da ku, kuma zan faɗe ta ba ɓoye-ɓoye saboda ƙaunar da nake yi wa ƙungiyar nan. A 2022, shekara uku kacal bayan Kaduna, an cire wa Pillars maki saboda rikici a filin wasa, kuma a ƙarshen kakar ta faɗi daga Firimiya. Sai a 2023 ta dawo. Jifa, da fasa mota, da bin alƙalin wasa da gudu, ba su taɓa ƙara wa ƙungiya ƙwallo ɗaya ba. Maki suke ragewa, tara suke jawowa, su sa a rufe fili a mayar da wasanmu wani gari. Wanda ya sayi tikitin kallo dole ya shirya wa sakamako uku: ci, canjaras, ko faɗuwa. A gasar kofi ma biyu ne kawai, kuma cikin ƙungiyoyi 64, guda 63 da faɗuwa za su koma gida. Idan duk wanda aka cire zai tayar da hankali, ba za a kai wasan ƙarshe ba.

Iyaye kuma, idan yaro ya ce yana da wasan kofi, ku tambaye shi da wa za su buga, a wane fili, ƙarfe nawa. Ku tabbata bai bar makaranta saboda shi ba. In da hali, Baba, ka je ka tsaya a bakin fili ko na rabin lokaci ne. Idan an cire su ya dawo yana hawaye, kada a yi masa dariya. A ba shi abinci, a gaya masa cewa manyan Pillars ma sun zubar da ƙwallo uku a Asaba, suka koma atisaye, bayan wata tara suka ɗauko kofi a Kaduna.

Da zarar hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano ta fitar da jadawalin kofin jiha na gaba, ku nemi ranar da ƙungiyar unguwarku za ta buga. Ku je da 'ya'yanku, ku biya kuɗin ƙofa, ku zauna har alƙali ya hura usur na ƙarshe, ku koma gida lafiya.

A nan za mu dakata.